Daga Tikitin Abinci Zuwa Risho: Ɗakunan Kwanan Ɗalibai a Samaru

Idan tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello biyu suka haɗu a wajen ɗaurin aure, da wuya su fara da maganar digiri. Tambayar farko ita ce, "A wane hostal ka zauna?" Daga amsar ake gane zamanin mutum da irin tuwon da ya ci. Mu da muka kwana a Samaru mun san cewa rabin tarihin jami'ar nan a ɗakunan kwana aka rubuta shi.

An buɗe jami'ar ran 4 ga Oktoba 1962, a kan harabar tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda ta gada da gine-ginenta. Sunayen da aka raɗa wa ɗakunan kwanan kaɗai sun isa darasi. Alexander sunan shugaban jami'ar na farko ne, Norman Alexander, mutumin New Zealand, amma a bakin ɗalibai ya koma "Aleks". Ribadu na tuna Muhammadu Ribadu, ministan tsaron da ya rasu a 1965. Akenzua sunan Oba na Binin ne, wanda ya taɓa zama uban jami'ar, shaidar cewa Sardauna bai gina makarantar don 'yan Arewa kaɗai ba. ICSA kuwa hukumar da ta riƙe kadarorin haɗin gwiwar jihohin Arewa shida ce bayan an raba yankin a 1967, Ramat kuma Janar Murtala ne, wanda aka kashe a 1976. Ga Ɗanfodiyo, ga Amina, sarauniyar Zazzau, da aka bai wa mata.

Yayyenmu na shekarun 1970 suna ba da labari kamar tatsuniya. Mutum biyu a ɗaki, a wanke maka zanen gado, ka miƙa tikiti a kafteriya a zuba maka shinkafa da kaza ran Lahadi. Wannan tikitin ne ya jawo tarzomar Afrilun 1978, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙara sule biyar a kuɗin abincin yini. Ɗalibai a faɗin ƙasa suka fito da taken "Ali Must Go", suna neman a tsige kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. Aka zubar da jini a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa.

Bayan shekara 8, tunawa da mamatan nan ta haifi wata musibar. A 1986 jerin gwanon juyayi ya ratsa cikin Amina, inda doka ta hana maza shiga. Hukumar jami'a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta hukunta shugabannin ɗalibai, ɗalibai suka ce ba su yarda ba. Ran 23 ga Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shigo suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum 4 suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Aka kafa kwamitin bincike na Janar Abisoye. Duk wanda ya ga ƙofar Amina yau, da fota zaune da rajistarsa, bai san abin da ta gani ba.

Mu da muka zo daga baya, kafteriyar gwamnati labari muka iske. Risho ya maye gurbin tikiti. Kowa ya dawo hutu da ƙullin garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji da galan na kananzir. Da magariba baranda ta turnuƙe da ƙamshin wake da manja, ana alwala a bakin famfo, wani na bitar darasi da ƙarfi. A ɗakinmu mai gado ya kwana a sama, "sikwata" ya shimfiɗa katifa a ƙasa, ba wanda ya tambayi ƙabilar wani kafin a sa hannu a kwano ɗaya. A nan na fara cin sakwara, a nan abokin kwanana ɗan Binuwai ya koyi shan fura.

Ɗalibai sun ninka, gado bai ninka ba, abin da ya cika unguwannin Samaru da 'yan haya ke nan. A 2019 Gidauniyar Ɗangote ta miƙa wa jami'ar sababbin gine-gine 10 masu gado 2,160. Abin a yaba ne, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Cikin waɗanda suka kwana a ɗakunan nan akwai gwamnoni da ministoci da manyan attajirai. Kowannenmu ya san lambar ɗakinsa har gobe. Ya kamata ya koma ya ga halin da yake ciki, ya gyara wa ƙannensa ko da famfo ɗaya ne.