Kulle da Yajin Aiki: Abin da Zaman Gida Ya Yi wa Jiki da Hankalin Ɗaliban Dutsin-Ma

Ranar Litinin, 23 ga Maris 2020, abubuwa biyu suka faɗo wa jami'o'in Najeriya lokaci guda. Umarnin gwamnatin tarayya na rufe makarantu saboda cutar korona ya fara aiki, sannan ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta mayar da yajin aikinta na gargaɗi ya zama na sai-baba-ta-gani. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suka ɗaure kayansu da tunanin hutun wata guda za su yi. Ba a janye yajin aikin ba sai 23 ga Disamba, kuma hukumar kula da jami'o'i ta sa 18 ga Janairun 2021 a matsayin ranar komawa. Kusan wata goma ke nan matasa suna gida, ba lacca, ba jarrabawa, ba wanda ya san ranar da za a kira su.

An yi magana sosai a kan shekarar karatun da ta salwanta. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne abin da wannan dogon zama ya yi wa jikin ɗalibai da kwanciyar hankalinsu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, babbar asarar ba ta tsaya ga rashin motsa jiki kaɗai ba. Abin da ya ɓace shi ne motsin da ake yi tare da jama'a, a kan lokaci, da wata manufa a gaba. Shi ne ke riƙe hankalin matashi, kuma shi jami'a ke bayarwa kullum ba tare da ta lura ba.

Binciken da aka yi a duniya ya nuna girman matsalar. Wani nazari da Geoffrey Tison da abokan aikinsa suka buga a mujallar Annals of Internal Medicine a 2020 ya bi sawun takun mutum sama da dubu 455 a ƙasashe 187 ta wayoyinsu na hannu. Cikin kwana 30 bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba, ranar 11 ga Maris, yawan takun da mutane ke yi a rana ya ragu da kashi 27 cikin ɗari. A watan Maris na 2022 hukumar ta bayyana cewa ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar, kuma matasa da mata ne abin ya fi shafa. Alaƙar da ke tsakanin abubuwan biyu ma ba sabuwa ba ce. Tun a 2018 Felipe Schuch da tawagarsa suka haɗa sakamakon bincike 49 da ya ƙunshi mutum fiye da dubu 266, suka gano cewa masu yawan motsa jiki ba su kai marasa yi haɗarin kamuwa da ciwon damuwa ba.

Sai dai irin waɗannan nazarce-nazarce sun fi dacewa da rayuwar ɗalibin Turai ko Amurka, wanda aka rufe masa gidan motsa jiki, ya koma ɗaki yana bin darasi ta intanet. Ɗalibin Dutsin-Ma ba haka rayuwarsa take ba, don haka ba haka kullen ya same shi ba.

A duba yadda yini guda yake ga ɗalibin da ke haya a cikin gari lokacin da ake karatu. Da asuba zai taka zuwa masallaci. Zai ɗauki bokiti ko jarka ya nemo ruwa. Zai taka zuwa inda ake hawa mota, domin jami'ar, wadda aka kafa a 2011, tana da mazaunin wucin gadi a cikin gari da kuma na dindindin a kan hanyar Katsina zuwa Ƙanƙara. Daga wannan ɗakin lacca zuwa wancan, daga nan zuwa wurin mai abinci, zuwa ɗakin karatu, duk da ƙafa ne. Bayan la'asar a buga tamaula a fili har a kira magariba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar motsi matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Ɗalibi irin wannan yana iya cika wannan adadi bai taɓa cewa ya fita motsa jiki ba. Kuma kusan kowane taku a cikin jama'a yake yin sa: ana gaisawa, ana musun ƙwallo, ana tambayar juna inda malami ya tsaya jiya.

Wannan tsari ne ya rushe dare ɗaya. A watan Afrilu, bayan cutar ta yi ajalin wani likita a Daura, gwamnatin jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta fara kulle ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya, kuma Dutsin-Ma na cikin waɗanda abin ya shafa. Lokacin ya dace da tsananin zafin bazara, sannan azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu. An taƙaita sallar jam'i da tarukan tafsiri a wurare da dama, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli. Ko gidajen kallon ƙwallo, inda samari ke taruwa, ba abin kallo, domin gasar Firimiya ta Ingila ta tsaya daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Yuni.

A nan ne hanyoyin ɗalibai suka rabu. Wanda ya koma ƙauye, a ce wani gari na karkarar Kurfi, bai rasa aikin ƙarfi ba. Damina na faɗuwa aka miƙa masa fartanya. Ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai, ya ga girbin gero da dawa da gyaɗa, abin da zangon karatu ya saba raba shi da shi. Da a ce motsin gaɓoɓi kaɗai ne maganin damuwa, da wannan ɗalibi ya fi kowa kwanciyar hankali. Amma duk wanda ya zauna da irin waɗannan samari ya san ba haka abin yake ba. Saurayin da ya bar gida ana yi masa kallon wanda zai zama injiniya ko malami, ga shi wata shida yana duƙe a gona, ƙannensa na tambayarsa, “Yaya, yaushe za ka koma?”, dattijai kuma a bakin masallaci suna cewa, “Ɗan boko, har yanzu ba a buɗe ba?” Ba da mugun nufi ake tambayar ba, amma amsar ba ta hannunsa. Jikinsa ya gaji, barci ya ƙi zuwa, lissafi ya tsaya a kan shekarun da ke tafiya, da bautar ƙasa wadda ba a kiran wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala digiri.

Na birni kuma, ɗan Katsina ko Kano ko Kaduna, shi ne ya fi kama da wanda nazarin Turawa ya siffanta. Dare ya koma rana: a kwana ana latsa waya, a tashi da hantsi ko ma azahar, a ci abinci a sake kwanciya. Darasin intanet da aka yi ta alkawari bai yiwu ba a jami'o'in gwamnati, tunda malaman suna yajin aiki, ga tsadar data, ga matsalar wuta. Saboda haka waya ba ta kawo masa karatu ba, sai labarin mace-mace da jita-jita.

Ɗalibai mata su ne ya kamata a fi tsayawa a kansu. Ga 'yan mata da yawa a wannan yanki, harabar jami'a ce kaɗai wurin da za su yi doguwar tafiya da ƙafa tare da ƙawaye ba tare da sun nemi izini ko sun ba da dalili ba. Da aka koma gida, ɗan'uwanta namiji na iya sulalewa majalisa ko filin ƙwallon unguwa da zarar jami'an tsaro sun kau da kai. Ita kuwa duniyarta ta koma tsakar gida: daka, wanki, girki, raino. Aiki ne mai nauyi, amma ba irin motsin da ke sanyaya rai ba ne. Ga kuma maganar aure, wadda ke ƙara ƙarfi duk lokacin da karatun 'ya mace ya tsaya ba ranar ci gaba. Yarinyar da ta yi shiru, ta rage cin abinci, ta daina fira, sau da yawa cewa ake yi, “Ai tunani ne, zai wuce.” Wani lokaci yakan wuce ɗin. Wani lokaci kuma ciwo ne da ke buƙatar likita.

Malamai da sauran ma'aikata ma ba su tsira ba. Rikicin tsarin biyan albashi na IPPIS ya sa an riƙe albashin malamai na tsawon watanni, a daidai lokacin da kayan masarufi ke tashi. Magidancin da ke lissafin bashin mai shago ba ya tunanin zagaya fili da safe. Haka masu abinci, masu ɗab'i da kwafin takardu, 'yan acaɓa da masu gidajen haya na Dutsin-Ma, waɗanda ɗalibai ne kasuwarsu. Al'ummar jami'a ta haɗa da su duka.

Za a iya cewa wannan tsohon zance ne, korona ta tafi. Amma a tsakiyar jihar Katsina kulle bai ƙare da annoba ba. A daren 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantun jihar. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. A 2022 ASUU ta sake yajin aiki na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A Oktoban 2023 'yan bindiga suka ɗauke ɗalibai mata biyar na jami'ar daga gidan da suke haya a cikin gari. Kowanne daga cikin waɗannan ya sake tsare matasa a ɗaki, ya rage fitar yamma, ya ƙara fargaba. Wanda tsoro ya hana shi fita, da wanda doka ta hana, jikinsu abu ɗaya yake fuskanta.

Kuma ba za a ce a bar wa asibiti ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga al'umma sama da miliyan 200. Sai a Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta zamanin mulkin mallaka, ta 1958. Ga kuma kunya, domin da yawa na ganin zuwa wurin irin wannan likita tamkar amincewa ne da hauka. Motsa jiki ba ya maye gurbin magani ga wanda ciwo ya yi wa tsanani, kuma bai kamata a yaudari kowa a kan haka ba. Amma wani babban nazari da mujallar BMJ ta buga a 2024, wanda ya tattara gwaji 218, ya nuna cewa tafiya da ƙafa, sassarfa da atisayen ƙarfafa jiki suna rage alamun ciwon damuwa. Wannan magani ne da ba a saye, ba a kuma jin kunyar a gan ka kana shan sa.

Abin da ya rage shi ne jami'a ta daina kallon wasanni a matsayin abin da ake tunawa da shi sai gasar wasannin jami'o'i ta NUGA ta matso. Wannan gasa ta 'yan ƙalilan ce masu hazaƙa. Dubban da suka saura suna buƙatar abubuwa masu sauƙi: hanyoyin ƙafa masu inuwar bishiya da fitila, filin da aka keɓe wa mata da lokacin da ya dace da su, gasar sassa da ake yi duk mako, da ofishin ba da shawara mai ma'aikacin da ya ƙware kuma yake riƙe sirri. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi, da na addini, su ne suka san inda kowa yake idan an rufe makaranta. Da su za a tsara yadda ɗaliban gari guda za su riƙa haɗuwa su buga ƙwallo, su yi bita, su leƙa wanda aka kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. Tsohuwar al'adar gayya ta riga ta koya wa mutanen karkara cewa aikin da aka yi tare ya fi sauƙi a jiki da zuciya.

Akwai kuma aikin bincike da ke jiran masana na gida. Jami'ar Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna gari ɗaya, kuma matasan da suka rayu cikin kullen 2020 suna nan da ransu, sun kuma tuna. Ma'aunin da ke ƙirga zuwa gidan motsa jiki amma ya manta da noma, ɗiban ruwa da zuwa masallaci ba zai faɗi gaskiyar wannan yanki ba. Ana buƙatar tambayoyi da Hausa, a yi wa maza da mata, na ƙauye da na birni. Shugabannin waɗannan makarantu da gwamnatin jihar Katsina su ware kuɗin wannan bincike, su kuma rubuta tsarin kula da lafiyar jiki da hankalin ɗalibai tun kafin a sake rufe ƙofa.