Daga Boston zuwa Rigasa: abin da rufa-rufa ta jawo

'Yan'uwa, mu da ke zaune a Anacha da Enugu da Fatakwal mun san matsayin Cocin Katolika a wajen maƙwabtanmu. Tun a 1885 da Fada Joseph Lutz ya sauka a Anacha, cocin ya bunƙasa ta hanyar makarantu da asibitoci, har wasu daga cikinmu suna kai 'ya'yansu can. Saboda haka ya dace mu san yadda shugabanninsa suka tafiyar da zargin lalata da yara da aka yi wa wasu limamansa.

Shekaru da dama, abin da wasu bishop-bishop ke yi idan ƙara ta zo shi ne su lallashi iyaye, wani lokaci a biya su diyya a asirce, sannan a mayar da wanda ake zargi wata majami'a, inda sababbin yara ke faɗawa hannunsa. A Janairun 2002 jaridar Boston Globe ta Amurka ta tona yadda aka daɗe ana yi wa Fada John Geoghan irin wannan canjin wuri, mutumin da fiye da mutum 130 suka zarga. Kafin shekarar ta ƙare, Kadinal Bernard Law ya yi murabus. Binciken da bishop-bishop na Amurka suka sa aka yi, wanda ya fito a 2004, ya ƙirga limamai 4,392 da aka zarga tsakanin 1950 da 2002.

Gyara ya zo a hankali. A Fabrairun 2019 Fafaroma Francis ya tara shugabannin bishop-bishop na ƙasashen duniya a Batikan. A taron, 'yar Najeriya Sista Veronica Openibo ta soki al'adar yin shiru, ta kuma ƙaryata masu cewa matsalar ta Turawa ce kawai. A watan Mayu aka fitar da doka da ta wajabta wa kowane limami da sista kai rahoton zargi ga hukumar coci, ta kuma tsara yadda za a binciki bishop ɗin da ya ɓoye laifi. Sai dai waɗanda aka cutar sun koka cewa dokar ba ta tilasta kai ƙara wurin 'yan sanda a ko'ina ba, ta bar wannan ga dokar kowace ƙasa.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A Satumbar 2019, 'yan sanda suka ceto fiye da mutum 300, har da yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna da ake kira makarantar gyaran tarbiyya, wasu da mari a ƙafa, wasu kuma suka ce an yi lalata da su. Iyaye ne da kansu suka kai da yawansu.

Mu ma a zangonmu mun saba a ce a rufa wa malam asiri, a sasanta a gidan Sarkin Hausawa, malamin ya tattara ya koma wani gari. Hanyar da ta jawo wa Boston bala'i ke nan. Idan yaro ya yi magana, a saurare shi, a raba wanda ake zargi da ɗalibai nan take, a kai yaron asibiti, a sanar da 'yan sanda. Kwamitin kowace Islamiyya da makarantar allo ya rubuta wannan ƙa'ida tun kafin wani abu ya faru. Allah Ya tsare mana zuriya.