Yadda ake yi wa kulob mai tarin bashi farashi: Cinikin Liverpool na 2010

Idan aka ji an sayar da kulob ɗin ƙwallon ƙafa a kan miliyoyin fam, ba lallai ne kuɗin su shiga aljihun mai kulob ɗin ba. Matuƙar akwai bashi, masu bin bashin ne ke kan gaba wajen karɓar haƙƙinsu, sai abin da ya rage mai shi ya ɗauka. Cinikin Liverpool ta Ingila a watan Oktoban 2010 na daga cikin misalan da suka fi fito da wannan a fili.

Yadda ake lissafin daraja

Masu ƙiyasta daraja kan fara da kuɗin shigar kulob a shekara, waɗanda ke zuwa ta hanyoyi uku: haƙƙin nuna wasanni a talabijin, yarjejeniyoyin talla da sayar da riguna, sai kuɗin tikitin shiga kallo. Sukan ninka wannan adadi gwargwadon farin jinin kulob da matsayinsa a gasa, sannan su duba kadarorinsa, kamar filin wasa da filin atisaye da kwantiragin 'yan wasa. Abin da ya fito shi ne jimillar darajar kulob.

Daga wannan jimilla ake cire bashi: rancen banki da kuɗin ruwansa, harajin da ba a biya ba, da ragowar kuɗin sayen 'yan wasa da wasu kulob-kulob ke bi. Abin da ya saura shi ne darajar hannun jarin mai kulob. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen shago da kayan da ba a gama biyan diloli kuɗinsu ba ya san wannan lissafi.

Asalin bashin Liverpool

A watan Fabrairun 2007 wasu attajirai biyu 'yan Amurka, Tom Hicks da George Gillett, suka sayi Liverpool a cinikin da ya kai kusan fam miliyan 219, har da tsohon bashin kulob ɗin na kimanin fam miliyan 45. Da rancen banki suka biya, kuma daga bisani nauyin kuɗin ruwan ya koma kan kuɗin shigar kulob. Rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya sa samun sabon rance ya yi wuya, sabon filin wasan da suka yi alƙawarin ginawa a Stanley Park kuma bai samu ba.

A watan Afrilun 2010 aka sa kulob ɗin a kasuwa, aka naɗa Martin Broughton shugaban hukumar gudanarwa domin ya nemo mai saye. A lokacin, bankin Royal Bank of Scotland ne kan gaba cikin masu bin bashin da ya kai kimanin fam miliyan 237, kuma wa'adin biya shi ne 15 ga Oktoba.

Abin da ya karya farashi

Wa'adin ne ya raunana masu kulob ɗin. Da ya cika ba a biya ba, bankin na da ikon miƙa kamfanin da ya mallaki kulob ɗin ga masu kula da kamfanonin da suka durƙushe, abin da ka iya jawo a zaftare wa Liverpool maki tara a gasar Firimiya. Hakan ya faru da Portsmouth a farkon wannan shekara, kuma ta faɗi daga gasar. Mai sayarwa da wa'adi ya ƙure wa ba shi da bakin ja-in-ja a kan farashi.

Hukumar gudanarwa ta amince da tayin fam miliyan 300 daga kamfanin New England Sports Ventures na John W. Henry, wanda yanzu ake kira Fenway Sports Group. Mutum uku suka goyi baya, Hicks da Gillett suka ƙi, suna cewa an yi wa kulob ɗin farashin wulaƙanci. Babbar Kotun Landan ta bai wa hukumar gaskiya. Umarnin dakatarwa da mutanen biyu suka samo daga wata kotu a Texas bai ɗore ba, aka kammala ciniki ranar 15 ga Oktoba, 2010. Mafi yawan kuɗin sun tafi biyan bashi, su kuwa suka yi asarar kimanin fam miliyan 140 da suka zuba.

Wasu misalai

Inda bashi ya kusa cinye darajar kulob, farashin hannun jari kan zama na jeka-na-yi-ka. A 1982 Ken Bates ya sayi Chelsea a kan fam ɗaya tak, ya gaji bashinta. A 2011 Craig Whyte ya karɓi Rangers ta Scotland a kan fam ɗaya, da sharaɗin biyan bankin Lloyds kimanin fam miliyan 18. Cikin 2012 kamfanin ya ruguje, aka sayar da kadarorinsa a kan fam miliyan 5.5, kulob ɗin ya koma buga wasa a rukuni na huɗu. Wani lokaci ma ba a kai wa ga ciniki: a watan Mayun 2024 kamfanin Oaktree ya karɓe Inter Milan ta Italiya bayan kamfanin Suning na ƙasar Sin ya gaza biyan bashin yuro miliyan 395 da ya jinginar da hannun jarinsa a kai.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma manyan kulob-kulob da dama na ɗauke da shi ba tare da sun girgiza ba. Abin da mai saye ke dubawa shi ne ko kuɗin shiga za su iya ɗaukar kuɗin ruwa, da yaushe wa'adi zai cika, da kuma abin da aka yi da rancen. Liverpool da aka saya fam miliyan 300 ta ci Kofin Zakarun Turai a 2019 da gasar Firimiya a 2020, kuma a 2023 mujallar Forbes ta ƙiyasta darajarta a sama da dala biliyan 5.