Tsagar Gobir a Kasuwar Gadarif

Saurayi ko budurwar da ke juya waya a hannu yau, suna duba zane-zanen jarfa suna shawarar ko su yi ko su bari, in kuma za su yi wane zane za su ɗauka, sukan zaci abu biyu ne a hannunsu: fatar da za a zana, da ma'anar da zanen zai bayar. Fata kam tasu ce. Ma'ana kuwa tana hannun masu kallo, masu kallo kuma sukan sauya tun fata ba ta tsufa ba. Tarihin Hausawan Gadarif, a gabashin Sudan kusa da iyakar Habasha, ya nuna wannan ƙarara. A can ne mutanen da suka taso da tsagar gidajensu a kumatu suka sauka a tsakiyar wata al'umma mai tsagarta daban, kowa da irin karatunsa, aka zauna tare shekara da shekaru, daga ƙarshe ɓangarorin biyu suka ajiye aska. Dalilin ajiye askar shi ne ya cancanci a tsaya a kansa.

A da, a ƙasar Hausa ba a tambayar mai fuska. Ranar suna wanzami ke zuwa da zabirarsa, ya aske gashin jariri, ya cire masa belu, in gidan masu tsagar gado ne ya ja masa ita a kunci yana ɗan kwana bakwai. Bagobiri ya tashi da layuka shida a kunci guda, bakwai a ɗayan. Babarbare ya tashi da dogayen layukansa. Wani gidan bille ne, layi ɗaya da ya gangaro daga gefen hanci. A fadar Kano kuwa uku-uku a gefen baki ita ce shaidar bayin sarki da cucanawa, alamar da ke faɗin cewa mai ita ba ɗa ba ne, amma kuma tana faɗin cewa na gidan sarki ne, ba a taɓa shi a kwana lafiya. A zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi wannan rubutu yana da aiki na gaske: da shi ake gane ɗan gari a filin daga, da shi dangi ke shaida yaron da aka sace ko bayan shekara ashirin. Ban da tsagar gado akwai ta magani, wadda ake yi a inda ciwo yake, akwai kuma ta ado, irin su kalangu da 'yar baka, wadda budurwa ke zuwa da ƙafarta a yi mata, a goga baƙin tukunya a cikin raunin don ya zauna. Wannan ta ƙarshen ita ce jarfa ta asali, ita ce kuma mafi kusa da abin da matasa ke yi da inji a yau. Har Turawan mulkin mallaka sai da suka koyi karatun: A. J. N. Tremearne ya zana tsage-tsage masu yawa a littafinsa na al'adun Hausawa da ya fito a 1913.

Da waɗannan fuskoki aka kama hanyar gabas. Hanyar Makka ta ƙasa tsohuwa ce, kuma tun kafin Turawa akwai Takari, wato alhazan yamma, da suka yada zango suka zauna a Gallabat, kan iyakar Habasha, har suna da shehunansu. Amma babban kwararo ya biyo bayan yaƙin Burmi ne a watan Yuli na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da waɗanda suka saura, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Bayansu jama'a ba ta yanke ba. Madatsar ruwan Sinnar da aka gama a 1925 ta buɗe gonakin auduga na Jazira, layin dogo ya haɗa Kasala da Gadarif da Sinnar a ƙarshen shekarun 1920, a tsakiyar shekarun 1940 kuma aka fara noman tarakta a Gadambaliya, yamma da Gadarif. Baƙar ƙasar yankin tana ba da dawa da riɗi ba kama hannun yaro, amma tarakta ba ta cire ciyawa a lokacin, ba ta kuma yankan riɗi, wanda in ya nuna aka yi jinkirin kwanaki kaɗan sai ya tsage ya zube. Hannu ake buƙata, hannun Takari kuwa ya cika gonakin. Da yawa sun ce tara guzurin Makka suke yi, suka tsufa a nan suna faɗin haka, abin da ya sa C. Bawa Yamba ya kira su alhazan dindindin a littafinsa na 1995.

Garin da suka tarar, wanda aka daɗe ana kira Kasuwar Abu Sin da sunan gidan sarautar ƙabilar Shukriyya, cike yake da fuskoki masu tsaga. Larabawan Sudan suna kiran tasu shulukh. Ja'aliyyin an san su da layuka uku a tsaye, Shaigiyya da uku a kwance, akwai mai siffar tsani, akwai mai kama da sawun tsuntsu. Masanin tarihi Yusuf Fadl Hasan ya yi mata littafi guda a 1976, ya bi asalinta har zuwa gumakan tsohuwar daular Marawi, tun kafin Musulunci ya shigo ƙasar. Ya kuma nuna cewa ma'anarta ba ta tsaya wuri ɗaya ba: ta zama shaidar ƙabila, ta zama shaidar muridan wani shehi na ɗariƙa, ta zama adon mata zalla, waɗanda ba 'yan ƙabilar ba ma suka ara don a lissafa su a ciki. Matan kogin Nilu suna da tasu jarfar, ta leɓe: a haɗa allurai a ɗaure, a yi ta sukar leɓen ƙasa na amarya ana cusa baƙi har ya rine, ya kumbura kwanaki, ita kuma a sa ran ba za ta yi raki ba.

To a nan tsagar Gobir ta rasa masu karanta ta. A kasuwar Sabon Birni ko Tsibiri, shida da bakwai suna faɗin gida, suna faɗin tarihin Alkalawa, suna jawo wasan Bayarabe da Bagobiri. A kasuwar amfanin gona ta Gadarif, ga ɗan kasuwa Baja'ale ko ma'aikacin gwamnati, duk wannan bayani ya goge. Bagobiri da Bakatsine da Babarbare da Bafulatani sun zama abu guda, Fallata, kalmar da a bakin mutane da yawa take nufin baƙo ɗan ƙwadago. Doka kuma ta zo ta ba wa wannan karatu haƙora. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897, ta 1957 bayan samun 'yanci ta bi sawunta. Duk wanda ya zo bayan Burmi ya faɗa waje da layi, har da 'ya'yansa da aka haifa a bakin kogin Rahad ko Atbara. Sai daga baya aka yi ta matso da ranar, har ta kai 1 ga Janairu 1956. A tsawon waɗannan shekaru takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, ita ce ƙofar aikin gwamnati da mallakar babbar gona da fasfo. Mu tsaya mu dubi uban da aka yi wa haihuwa a irin wannan hali, ranar suna ta zo, wanzami na zaune a zaure. Abin da kakansa bai taɓa ɗauka a matsayin tambaya ba ya zame masa tambaya: in ya ja wa yaron tsagar gida, ya rubuta masa a fuska abin da ma'aikacin ofis zai karanta a matsayin hujjar hana shi takarda. Alamar da aka ƙirƙira don ta mayar da yaro cikin danginsa ta koma mai fitar da shi daga ƙasar haihuwarsa. Ina ganin uban da ya ce wa wanzami a yi aski kawai bai yi watsi da gado ba, ya fahimci cewa gadon ya daina yin aikin da aka yi shi dominsa.

Za a ce addini ne ya kashe tsaga, ba wannan dogon lissafi ba. Hujjar tana da ƙarfi, domin hadisin da ya la'anci mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata yana cikin Buhari da Muslim, malaman Malikiyya kuma, mazhabar Hausawa da 'yan Sudan baki ɗaya, sun san shi sarai. Sai dai hadisin yana nan tun ƙarnoni, ana karanta shi a zaurukan Kano da Katsina da khalwowin Sudan, wato makarantun allonsu, wanzamai kuma suna ta aikinsu a ƙofar gidajen malaman. Mutanen da suka bar gida da gona suka bi Attahiru don gudun mulkin Nasara ba masu sakaci da addini ba ne, da tsagarsu kuwa suka tafi. Wa'azi ya samu kunnen saurare ne lokacin da tsaga ta riga ta rasa amfaninta. Ba na rage wa hukuncin daraja da wannan magana, kuma ga Musulmin da ke shawarar jarfa a yau shi ne abu na farko da zai auna. Tambayar tarihi ce kawai daban: me ya sa aka ji a ƙarnin da ya wuce abin da aka daɗe ana faɗa?

Akwai suka mafi nauyi. Ja'aliyyin da Shaigiyya ba wanda ya taɓa hana su jinsiyya, su ne ma ke zaune a ofisoshin, amma su ma sun bar shulukh a kusan zamani guda. Ashe ke nan boko da asibiti da zaman birni ne suka yi aikin, ba wariya ba? Gaskiya ne sun taka rawa, kamar yadda suka taka a Najeriya, inda sai a 2003 dokar kare haƙƙin yara ta haramta tsaga, bayan gidaje da yawa sun riga sun bari da kansu. Amma idan aka duba yadda suka taka rawar, sai a ga hanya ce ta biyu zuwa wuri guda. 'Yan bokon Omdurman da suka kafa Ƙungiyar Masu Ilimi a 1938 suna neman a zama 'yan Sudan kafin a zama 'yan ƙabila, fuskar da ke shelar ƙabila kuwa ta saɓa wa wannan buri. Mawaƙan salon Haƙiba na Sudan da suka daɗe suna yabon kunci mai tsaga suka fara yabon kuncin da aska ba ta taɓa ba. Matar da aka tsaga tana yarinya don a ce kyakkyawa ce ta wayi gari 'ya'yanta na ganin alamar ƙauye a fuskarta. Layukan ba su motsa ba. Idon da ke kallonsu ne ya canza, a wajen Baja'ale a hankali, a wajen Bahaushe da zafi.

Matashin yau zai ce duk wannan bai shafe shi ba: wancan dole aka yi wa jariri, shi kuwa da hankalinsa zai zaɓa, a hannu ko a kafaɗa, ba a fuska ba. Bambancin na gaske ne, kuma babu mai adalcin da zai daidaita askar da aka ɗora wa ɗan kwana bakwai da allurar da baligi ya miƙa wa hannunsa. Amma zaɓi yana ba mutum iko ne a kan ranar da aka yi zanen, ba a kan shekara hamsin da za su biyo baya ba. Budurwar da ta zaɓi kalangu a 1950 ita ma da son ranta ta je. Gadarif kuma ba ta daina karanta jiki ba. A ƙarshen 2020 dubban 'yan Tigray sun tsallako zuwa sansanin Um Rakuba, wasu matansu da jarfar gicciye a goshi, wadda a ƙauyensu ibada ce da ado, a hanyar gudu kuwa shaidar ko su waye. Hausawan Gadarif sun fito zanga-zanga a 2008 kan wata magana da jarida ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, mai shakkar zamansu 'yan ƙasa, sun sake fitowa a 2022 bayan kashe-kashen jihar Shuɗin Nilu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023, garin ya cika da 'yan gudun hijira daga Khartum da Wad Madani da Sinja, an kuma yi ta kama mutane a shingaye bisa abin da jama'a ke kira dokar baƙin fuskoki, wato a dubi kamannin mutum da asalinsa a yanke masa hukunci. A irin wannan ƙasa, duk abin da ba ya gogewa a jiki yana iya zama shaida a hannun wanda ba ka zaɓa ba.

Abin da ya tsira daga cikin tsofaffin adon jiki shi ne wanda yake gogewa. Lalle ya ɗauke aikin da jarfa ke yi wa amarya, ya ƙara da zanen furanni da ake sauyawa daga biki zuwa biki, cikin mako biyu ko uku ya kau. Ya ma juyo da hanyar alhazai baya: a Kano da Maiduguri da Maraɗi yau, gyaran amarya na 'yan Sudan, da dilka da halawa da turaren tsugunno da baƙin ƙunshi, sana'a ce mai cin kanta. Sai dai kwaɗayin baƙin da ya yi kama da jarfa ya shigo da nasa haɗarin, domin masu ƙunshi da yawa suna haɗa lallen da sinadarin rinin gashi don ya yi baƙi ƙirin cikin sa'a guda. Likitocin Khartum sun ba da rahoto a 1992 kan yara 31 da wannan sinadari ya yi wa illa tsakanin 1984 da 1989, 13 daga cikinsu suka rasu. Ko a fatar babba yakan tayar da ƙuraje masu ruwa daidai kan layin zanen, su warke su bar tabo, jikin kuma ya ci gaba da ƙin sinadarin har ƙarshen rayuwa.