Daga NTA Zuwa Dish: Tarihin Kasuwar Talabijin a Ƙasarmu

Da yawanmu mun taso a lokacin da akwatin talabijin ba shi da tasha sai guda, amma yau a Kongo da Tudun Wada da cikin birnin Zazzau da wuya ka ɗaga kai ba ka ga dish a kan rufi ba. Yaya aka yi haka?

An fara talabijin a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, Gwamnatin Sardauna kuma ta buɗe ta Kaduna a 1962. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasa duka a ƙarƙashin NTA. Tsarin mulkin 1979 ya ba jihohi damar buɗe nasu, ta haka Kano ta sami CTV a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Duk da haka abin na hukuma ne, ɗan kasuwa ba shi da rabo.

Yaƙin Tekun Fasha na 1991, wanda CNN ta nuna kai tsaye, ya sa masu hali suka yi rububin kafa manyan dish. A 1992 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar NBC da doka mai lamba 38, aka soma ba 'yan kasuwa lasisi. Kamfanoni irin su ABG na Kaduna sukan kamo tashoshin waje su rarraba wa gidaje a kan kuɗin wata. Amma MultiChoice na Afirka ta Kudu, mai DStv, ya fi su jari, kuma tauraron ɗan'adam ba ruwansa da nisan gari.

Ƙwallon ƙafa ita ce ta raba gardama. A 2007 kamfanin gida, HiTV, ya sayi izinin nuna gasar Firimiya ta Ingila, gidajen kallo suka koma gare shi. Da izinin ya koma hannun DStv a 2010, bai daɗe ba ya durƙushe. A shekarar ne StarTimes na Sin ya shigo da haɗin gwiwar NTA, da dikoda mai araha, MultiChoice ya mayar da martani da GOtv a 2011. Mutanen Arewa da dama kuwa suka zaɓi tashoshin kyauta, irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014.

A 2020 NBC ta gyara ƙa'idojinta don hana kamfani ɗaya riƙe shiri shi kaɗai, sai masu tashoshi suka yi ca a kanta. A 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da ikon cin tara.

Darasin a fili yake: ba da lasisi daban, kare mai saye daban. Farashin DStv bai sauko don umurnin hukuma ba. Abokin takara ne ya tilasta a fito da mai araha. Don haka 'yan'uwanmu lauyoyi da 'yan majalisa, ku sa ido kada kasuwar ta sake komawa hannun mutum guda. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, amin.