Shekarar da manoman koko suka ƙi sayarwa

Jama'a, ku da kuke kai shanu kara, kun san zafin da ake ji idan manyan masu saye suka haɗa baki kan farashi ɗaya. To, irin haka ta taɓa faruwa a Gana tun zamanin Turawa.

A 1937 manyan kamfanonin sayen koko, UAC a gaba, har da Cadbury, suka ƙulla yarjejeniya: babu sauran gasa tsakaninsu, farashi ɗaya, kowa da kasonsa. A daidai lokacin kuma koko ya faɗi a kasuwar duniya.

Manoma da dillalai da sarakuna suka ce ba za ta saɓu ba. Daga Nuwamba 1937 zuwa Afrilu 1938 suka riƙe kokonsu, suka kuma ƙaurace wa kayan kantunan Turawa. Dole gwamnatin Ingila ta turo kwamitin Nowell, wanda ya ce a janye yarjejeniyar.

Amma ku lura, buhun koko yana jure ajiya, sa kuwa sai ya ci ya sha kullum. Saboda haka makiyayi ba shi da dogon jira. In za ku haɗa kai, ku yi tun kafin dabbobi su bar ruga.