JARIN KAKA DA JARIN JIKA

Ya kai mai karatu, tun kafin a haƙa kanal ko ɗaya, mutanen Kura sun san yadda ake juya kuɗi. Rini ne arzikinsu a da. Rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura har Agadas ake kai wa Buzaye shi. Wanda ya ci riba sai ya ƙara karofi, ko ya sayi saniya ya ba Bafillace kiwo, ko ya cika rumbu da dawa ya jira damina ta yi tsada.

Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aikin da Gwamna Audu Bako ya ɗauko, ruwa ya biyo kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya kankama. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, manoma suka ga kuɗi. To ina iyayenmu suka kai su? Gona, bijimai, gidan kwano, sai kujerar Makka. Su dai abin da ido ke gani, hannu ya taɓa, shi ne dukiya. Su ma fa sun sha hasara, don ciwon bushiya na 1983 ya bar garke da yawa wayam.

Yau sai ka ji dattijo na cewa yaran zamani ba su da haƙuri. Amma a yi musu adalci mana. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, 'ya'ya goma ne suka raba ta gado. A 1985 dalar Amurka ba ta kai naira ɗaya ba, a 2024 ta haura naira 1,500. Wanda kuɗinsa ke narkewa a aljihu, yaya zai jira maraƙi ya girma?

Shi ya sa saurayi ke kama hayar gona ta kaka ɗaya ya zuba tumatir ko albasa. Wani ya sayi A Daidaita Sahu, wani ya kafa teburin POS. Da aka rufe iyakoki a 2019 shinkafar gida ta yi daraja, wasu suka koma casa da sari. Wasu kuwa jarinsu na cikin waya, wai kirifto.

Nan ne gizo ke saƙar. Tsutsar da ta cinye tumatir a 2016 ta talauta manoma, amma gonarsu na nan, baɗi suka sake shuka. Waɗanda MMM ta rufe da kuɗinsu a Disambar shekarar, da waɗanda CBEX ta yi wa haka a Afrilun 2025, ƙofar wa za su buga?

Don haka ɗan'uwa, yi saurinka, zamani ya ba ka uzuri. Sai dai ka riƙe abu guda daga kakanka: bai taɓa zuba kuɗinsa inda bai san ta yadda ribar ke fitowa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Allah Ya sa mu dace, amin.